Babi na Bakwai: Gobarar Jirgin Hindenburg

Darasi na 1: Wane irin jirgi ne?

Kada ku ɗauka irin jirgin da alhazai ke hawa ne. Wannan ba shi da fiffike. Ƙaton balan-balan ne mai ƙashin ƙarfe, an lulluɓe shi da yadi, tsawonsa mita 245. Jamusawa suka ƙera shi. A cikinsa akwai jakunkuna 16 cike da wata iska mai suna haidurojin. Ku furta a hankali: hai-du-ro-jin. Ita ke ɗaga jirgin sama, domin ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba. Akwai wata iskar, hiliyom, wadda ba ta kamawa da wuta, amma a lokacin Amurka ce ke da ita, kuma dokarta ta hana a sayar wa ƙasashen waje.

Darasi na 2: Me ya kawo wutar?

Jirgin ya tashi daga Frankfurt ran 3 ga Mayu, 1937. Ran 6 ga wata ya iso Lakehurst a Amurka a makare, ya tarar da hadari, ya yi ta kewaye har yamma. Wajen sauka aka ga wutsiyarsa ta yi nauyi, alamar wata jaka ta baya tana yoyo. Aka zubar da ruwa don ya daidaita, aka jefo igiyoyi ƙasa. Bayan kamar minti 4, da ƙarfe 7:25, wuta ta tashi ta baya.

Nan ne masu karatu suka fi tuntuɓe, don haka mu bi sannu. Haidurojin ita kaɗai a cikin jaka rufaffiya ba ta ci da wuta. Sai abu uku sun haɗu: ta tsiyayo, ta gauraya da iskar waje, sannan tartsatsi ya same ta. Ku lissafa da yatsu. Yoyo, ɗaya. Gauraya, biyu. Tartsatsi, uku. In an cire ɗaya, babu gobara.

To ina tartsatsin ya fito? Kun san ƙyas-ƙyas ɗin da rigar roba ke yi in an tuɓe ta cikin duhu lokacin hunturu? Irin wannan lantarki ne ya taru a jikin jirgin saboda hadari. Da igiyoyin suka jiƙe, lantarkin ƙarfen ya bi su ya sauka ƙasa, na yadin kuwa ya tsaya. Tsakanin biyun tartsatsi ya yi tsalle. Bayanin tartsatsin lantarki ne masu binciken Jamus da Amurka suka fi rinjayarwa.

Yanzu ku rufe littafin ku faɗi ukun. Wanda ya manta ya sake, ba abin kunya ba ne. Amma kada wani ya ce "iska ce ta fashe kawai". An faɗa, an maimaita: yoyo, gauraya, tartsatsi. Mai amsa haka bai karanta ba, tsallake ya yi.

Darasi na 3: Asara

Jirgin ya ƙone cikin ƙasa da minti ɗaya. Mutum 97 ne a ciki, 35 suka mutu, da ma'aikaci ɗaya a ƙasa. Ku cire 35 daga 97 ku rubuta adadin waɗanda suka tsira.

Darasi na 4: Bayan haka

Aka daina ɗaukar fasinja a irin waɗannan jirage. Ku kwafi sunan jirgin sau uku.