Yadda ake sakin dif-lok idan ya cije a tsohuwar tarakta

Taraktar da ta kwana rani babu aiki, ta sha ƙurar hunturu a rumfa, sai ruwan farko ya sauka a watan Mayu ake gano dif-lok ɗinta, wato makullin da ke haɗe tayoyin baya biyu su juya tare, ya cije. Ana yawan ganin haka a tsofaffin Massey Ferguson 135 da 165 da ke aikin haya tsakanin Samaru da Giwa da fadamar Galma a yankin Zariya. Ko dai fedar dif-lok da ke bayan diddigen ƙafar dama ta ƙi takuwa, ko ta taku ta ƙi dawowa. Na biyun ya fi haɗari: ka murza sitiyari tarakta ta miƙe gaba abinta, tayoyin baya na kartar ƙasa.

Kafin a ɗauko guduma, a tabbatar cijewa ce ta gaske. Sau da yawa nauyi ne kawai ya danne haƙoran da ke ciki. Taka kulochi, ka ɗan yi ribas, ka taɓa birkin dama sannan na hagu. Idan ka ji "ƙas", ya saki. Idan shiru, kashe inji, sa waigi a tayoyin gaba, ɗaga tayar baya ta dama da jak, ka tokare aksul da katako mai kauri. Giya a firi, birki a sake. Tayar ta juya da hannu, makullin a buɗe yake. Ta ƙi motsi, a kulle yake.

Galibi matsalar a waje take, inda shaf ɗin feda ya shige gidan aksul. Laka ta bushe a wurin, ruwa ya bi ta shiga, tsatsa ta haɗe ƙarfen biyu. Kankare lakar, ka goge da burushin waya har ƙarfe ya bayyana. Fesa man sakin tsatsa na WD-40, ko ka haɗa man giya na ATF da kananzir rabi da rabi, ka riƙa ɗigawa safe da yamma kwana biyu zuwa uku. Nan ne masu gaggawa suke ɓata aiki. Wani ya zura doguwar fayif a feda ya hau kai, fok ɗin ciki, wato ƙarfen da ke tura haƙoran, ya lanƙwashe ko ya karye, aikin kananzir ya koma na sauke aksul da yawon neman kaya a Sabon Gari.

Bayan ya jiƙa, ɗora guntun tagulla a gindin fedar ka riƙa bugunsa a hankali da ƙaramar guduma, sama sannan ƙasa. Yaron shago ya riƙa jijjiga tayar da aka ɗaga gaba da baya, don haƙoran su samu sarari. Motsin farko ba ya wuce kaurin farce, kuma za ka ga man yana fitowa ja saboda tsatsa. Ƙara mai, ci gaba da kai da komo, har feda ta riƙa dawowa da kanta. Idan tana motsi amma ba ta dawowa, duba sifirin da ke mayar da ita.

Wuta ita ce dabarar ƙarshe. Gidan aksul ake ɗumamawa, ba shaf ba, kuma a goge mai da kananzir tukuna. Sil ɗin roba zai ƙone, sai an sa sabo.

Idan feda ta saki amma taya na nan a kulle, abin na ciki ne. A zuƙe man bayan. Idan ya fito kamar koko, ruwa ya shiga. Sai a cire gidan aksul na dama, mutum biyu ko uku, don yana da nauyi, a duba fok da haƙoran.

An gama, a shafe shaf da giris. Direba ya riƙa taka fedar sau ɗaya a mako ko da rani ne, kuma a gona kada ya taka ta taya ɗaya na tsaka da wulwulawa a taɓo, sai ya taka kulochi tukuna.