Yadda na shawo kan kumburin goshi bayan dashen gashi a Istanbul

Bayan an yi mini dashen gashi a Istanbul, kumburi ya fi zafin ciwon damuna. Ruwan da ake ɗura wa fatar kai lokacin aikin yakan gangaro goshi, ya sauko har fatar ido, yawanci tsakanin kwana 2 zuwa 4 bayan aikin. Ga ni a ɗakin otal, ba ɗan'uwa a kusa.

Gyara kwanciya shi ya fi yi mini amfani. Na roƙi ƙarin matashin kai, na jera su na jingina, kaina a ɗage kamar digiri 45, sannan na saƙala matashin wuya irin na matafiya don kada in juya cikin barci in goge dashen. Ƙanƙara kuwa a tsumma nake naɗe ta, in ɗora a goshi kaɗai, ba ta taɓa wurin dashen. Ina kuma shafa goshin da yatsu daga tsakiya zuwa gefe, don ruwan ya bi gefen fuska ya bar idanu.

Sujada ce ta fi ba ni wuya, domin sunkuyawa na ƙara kumburin. Na kira malamina a waya, ya ce lalura ce, in yi salla a zaune da ishara. Riga kuwa sai mai maɓalli nake sawa, domin wadda ake zurawa ta ka tana iya tsige dashen. Hula ma na haƙura da ita har ɓawon ciwon ya zube, wanda yakan ɗauki wajen kwana 10.