Yadda ake haɗa 2D array a Python ba tare da layukan sun manne da juna ba

Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya ana buga dara ya riga ya san 2D array, sunan ne kawai bai sani ba. Gurbi 30, layi 5 kowanne da gurbi 6, in za ka nuna wani gurbi sai ka faɗi layinsa tukuna sannan na nawa ne a layin. To Python ma haka take so, allo[2][4] layi na uku ne gurbi na biyar, don daga 0 take fara ƙirga. Ba zan tsaya bayanin list ba, wanda bai iya ba ya koma baya.

Wajen ƙirƙirar allon ne kusan kowa ke faɗawa rami. Sai ka ga yaro ya rubuta

allo = [[0] * 6] * 5

ya yi print ya ga sifili 30 sun jeru tsaf, har da murmushi. Yana sa allo[0][0] = 1 sai ga 1 ta fito a farkon duk layuka biyar ɗin. Ni kaina wallahi na kwana ina zargin laptop ɗina kan wannan abu, har Python na goge na sake sakawa, data ta tafi a banza. Ashe wannan * 5 ɗin ba ta yi sababbin layuka ba, layi ɗaya ne tak aka nuna sau biyar, kamar mutum biyar kowa da makullin ɗaki ɗaya, wanda duk ya shiga ya gyara shimfiɗa sauran ma za su tarar da ita a gyare. In kana musu rubuta print(allo[0] is allo[4]) ka ga True da idonka. Shi [0] * 6 na ciki bai da matsala, tunda lamba ba a canza ta a wurinta, musanya ta ake yi.

Gyaran layi ɗaya ne:

allo = [[0] * 6 for _ in range(5)]

yanzu kowane zagaye sabon layi yake haifarwa.

Sai zagayawa da for biyu, na waje layi, na ciki gurbi. Ni ban yarda da sa musu suna i da j ga mai koyo ba, rubuta layi da gurbi ƙarara. Kuma kar ka yi gwaji da allo 3 da 3, in ka juya layi da gurbi ba za ka taɓa ganewa ba, amma a 5 da 6 nan take IndexError, kuskuren da Python ke nunawa in ka nemi wurin da babu shi a list, zai tona maka asiri.

Kwafi ma tarko ɗaya ne, in ka kwafa da allo[:] layukan da ke ciki har yanzu na tsohon allon ne, yi import copy ka kira copy.deepcopy(allo).

3D kuma ƙarin for ɗaya ne kawai a waje. In lissafin ya yi yawa ka koma NumPy, wato library ɗin Python na lissafi da array da ake taƙaita sunansa np, np.zeros((5, 6)) ya gama maka komai kuma allo[2, 4] ake rubutawa, amma sai hannunka ya faɗa da list tukuna.