Likita ya ba yaronku inhela saboda tari: yadda ake shaƙa masa, da ko hakan na nufin asma ce

Uwa takan kai yaro ɗan shekara biyu asibiti da tari, ta fito da inhela, wato na'urar shaƙa magani, mai shuɗin launi a jaka, hankalinta a tashe, tana ganin an riga an yanke masa hukuncin asma. Ba haka ba ne. Maganin da ke ciki, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yana sassauta tsokokin da suka matse hanyoyin iska a huhu. A ƙananan yara hanyoyin nan sirara ne ƙwarai, mura kaɗai kan kumbura su har ƙirji ya riƙa fito kamar usur idan yaro zai fitar da numfashi. Kusan yaro ɗaya cikin uku yakan yi wannan fiton kafin ya cika shekara 3, kuma mafi yawansu sukan daina kafin su shiga firamare. Gwajin hura iska da ake tabbatar da asma da shi ba ya yiwuwa sai yaro ya kai kimanin shekara 5, shi ya sa likita mai hankali ba ya gaggawar sa wa yaro sunan cutar.

Abin da ke karkatar da zato zuwa asma shi ne maimaituwa. Fito sau uku ko fiye a shekara, tari cikin dare ko da asuba alhali babu mura, tari idan yaro ya yi gudu ko dariya ko kuka, uwa ko uba mai asma, ƙaiƙayin fata mai bushewa tun yana jariri, sannan sauƙi a fili bayan an shaƙa maganin. Tari zalla, ba fito ba wahalar numfashi, da wuya ya zama asma, kuma galibi inhela ba ta yi masa komai. Yaro lafiyayye yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, tarinta kan kai mako uku.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen shaƙawar. Yaro ƙarami ba zai iya ja da numfashi daidai lokacin da aka danna ba, don haka fesa masa kai tsaye a baki zubar da magani ne: a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Dole a haɗa da sifesa, wani bututun roba mai faɗi da ke riƙe maganin, mai takunkumi da ke rufe hanci da baki.

Ku zaunar da yaron a cinya, bayansa jingine da ƙirjinku, kansa a miƙe. Ku cire murfin inhela, ku duba ko wani abu ya shiga bakinta, ku girgiza ta sosai kamar sau biyar. Idan sabuwa ce, ko ta yi kwana biyar ba a taɓa ta ba, ku fesa sau biyu a iska tukuna. Ku cusa bakinta a gindin sifesa, gwangwanin yana tsaye sama. Ku ɗora takunkumin ya manne da fuska, domin ɗan gibi kaɗan a gefen kumatu ya isa ya zubar da mafi yawan maganin. Ku danna sau ɗaya tak, ku bar shi ya yi numfashinsa na yau da kullum sau 5 zuwa 10, kuna kallon ɗan marfin da ke cikin sifesa yana motsi. Ku cire, ku jira rabin minti, ku sake girgizawa, sannan ku yi na biyu. Danna biyu ko uku a jere yana sa ƙwayoyin maganin su manne a jikin robar. Kowace dannawa maikirogiram 100 ce, kuma abin da aka saba rubutawa shi ne biyu a lokaci guda. Ku bi adadin da likitanku ya rubuta.

Kuka yana ɓata aikin. Wasu na cewa gara ya yi kuka don ya ja maganin da ƙarfi, amma mai kuka fitar da iska yake yi da tsawo, jan nasa gajere ne, kaɗan ke isa huhu. Ku bar shi ya yi wasa da takunkumin lokacin da yake lafiya, ku ɗora wa kanku ya gani, ku ƙirga numfashin da murya tare da shi.

Inda babu sifesa a kemis, ko kuɗinta ya yi yawa, ƙa'idojin kula da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya sun yarda da gorar ruwa ta roba mai mililita 500. A huda gindinta daidai siffar bakin inhela, a yanke kashi ɗaya cikin huɗu na sama a jefar, a yi 'yar tsaga a bakin da ya rage inda hanci zai zauna, a gasa gefen kaɗan da wutar kyandir don kada ya yanki fuska. Ma'aikacin lafiya ya duba ta kafin ku dogara da ita. Ko gora ko sifesa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke sau ɗaya a wata, a bar ta ta bushe da kanta. Goge ta da tsumma yana sa robar ta riƙa jan maganin tana riƙewa.

Maganin yakan fara aiki cikin minti 5 zuwa 15, ya ɗauki kamar awa huɗu. Rawar hannu, bugun zuciya da sauri da ɗan rashin natsuwa sukan biyo baya, su wuce da kansu. Ba ya sa jaraba, kuma ba ya mai da yaro mai asma. Ku rubuta ranar da kuka ba shi, sau nawa, da ko ya ji sauƙi. Hoton bidiyo na numfashinsa a waya ma yana taimaka wa likita sosai. Gwangwani ɗaya dannawa 200 ne, yana iya ci gaba da fesa iska bayan maganin ya ƙare, saboda haka ku ƙirga. Kada a bar shi cikin mota a rana.

Idan yaro yana buƙatar inhelar mai shuɗin launi fiye da kwana biyu a mako, likita kan ƙara inhela ta rigakafi, sau da yawa mai launin ruwan ƙasa, ta beclometasone, a gwada kullum wata biyu zuwa uku. Ita ba ta buɗe ƙirji nan take, kumburi take ragewa a hankali, kuma dainawa don yaro ya samu sauƙi shi ke dawo da ciwon. Bayan kowace shaƙa a goge masa fuska, a ba shi ruwa ko a wanke bakinsa. A gida kuma a nisanta shi da hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, sigari da hayaƙin janareta, a kula da ƙurar hunturu. Zuma rabin ƙaramin cokali tana rage tarin dare ga wanda ya haura shekara ɗaya. Kada a saya masa prednisolone (maganin rage kumburi na sha) ko maganin tari na ruwa a kemis ba tare da likita ba.

Ku tafi asibiti nan take idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko ya galabaita, ko kun ba shi dannawa biyu-biyu sau uku cikin awa ɗaya bai sassauta ba; ku ci gaba da shaƙa masa a hanya. Numfashi 40 ko fiye a minti ga ɗan shekara 1 zuwa 5 alhali yana a natse, musamman da zazzaɓi, na iya zama alamar nimoniya, kuma inhela ba ta maganinta. Tarin da ya fara farat ɗaya bayan ya shaƙe da gyaɗa na iya zama abu ne ya maƙale a huhu. Idan tari ya wuce mako biyu tare da rama, ko akwai mai tarin TB a gidan, a kai shi gwaji.