Yadda SSD ke rage jiran buɗewar wasa a kwamfuta

Ga duk wanda wasanninsa ke daɗewa kafin su buɗe, shawarata ita ce ya mayar da su kan SSD, wato ma'ajiyar bayanai marar faifai mai juyawa, kafin ya yi tunanin sauya kwamfutar gaba ɗaya. Tsohuwar ma'ajiyar HDD tana dogara ne da faifai mai juyawa da allura mai neman bayanai, shi ya sa da wuya ta wuce megabayit 200 a daƙiƙa, alhali SSD nau'in SATA yana kaiwa kusan 550, nau'in NVMe kuwa yana iya haura 3,000. Bambancin ya fi fitowa wajen karanta dubban ƙananan fayilolin da wasa ke buƙata a warwatse.

Kafin ku saya, ku duba ko kwamfutarku tana da ramin M.2, inda ake saka SSD na NVMe. Idan babu, na SATA ya wadatar, domin a yawancin wasanni tazarar da ke tsakaninsu daƙiƙoƙi kaɗan ce. A Steam, manhajar saye da sauke wasanni, ba sai kun sake sauke wasa kun ƙona data ba, domin a sashen Storage na saituna ana iya kwashe shi zuwa sabuwar ma'ajiya. Ku bar wani kaso na SSD ɗin babu komai don kada ya yi nauyi, sannan ku sani cewa santsin hoto galibi aikin katin hoto (na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta) ne, ba na SSD ba.