Yadda zaka gane ƙaramin jirgin kamun kifi mai kyau kafin ka zuba riyal ɗinka a Jidda

'Yan uwa da yawa a nan Jidda, har da masu saukowa daga Makka ranar Juma'a da Asabar, sun fara haɗa kuɗi mutum uku ko huɗu su sayi ɗan jirgi na fita fatsa, ba don sana'a ba, kawai a sha iska a kamo kifin shu'ur ko hamur a kawo ma iyali. Abu ne mai kyau wallahi, amma abinda ke damuna shine yawanci da ido ake saye, an ga fenti na ƙyalli an ga kujeru masu laushi shikenan sai a biya, alhali kuɗin jirgi a inji yake da kuma allon bayan da ke ɗauke da injin.

Farko ku zauna ku yanke inda zaku riƙa zuwa. In dai cikin Sharm Abhur ne ko kusa da gaɓa inda ruwa ke kwance, huri, wato ƙaramin kwale-kwale, na faiba mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da inji doki 40 ya isheku, baya cin mai kuma baya rawa in an tsaya jefa ƙugiya. Amma in niyyarku ku wuce shi'ab, wato duwatsun murjani na cikin ruwa, ku shiga teku sosai to sai wanda ƙasansa ya yi tsini, domin a wannan yankin namu iskar arewa takan taso bayan azahar, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kuma duka kawai zai riƙa sha a kan igiyar ruwa har bayanku ya ƙage. Mai tsinin ya fi tsada ya fi buƙatar babban inji, kar ku biya wannan kuɗin in ba can zaku ba. Na roba da ake hurawa ni bana ba da shawararsa, ƙugiya da ƙayar kifi da ranar Jidda duk basa raga masa.

Na biyu takardu, kuma tun a waya zaka tambaya kafin ka ƙona mai zuwa Suwal ko Shu'aiba kallon jirgi. Istimara, wato takardar rajistar jirgin, da sunan mai sayarwa take? Bata ƙare ba? In kaje ka duba lambar jikin jirgi da lambar inji su zo ɗaya da na takarda. Rajistar jirgi a hannun hukumar sufuri take, izinin fita teku kuma na Haras al-Hudud ne, wato jami'an tsaron iyaka, ka je ka tambayi sharaɗin mai iƙama irin taka tun baka ba da kafin alƙalami ba.

Na uku jikin jirgin, kuma a tudu zaka ganshi ba a cikin ruwa ba. Ka bi shi da ƙwanƙwasa kamar mai zaɓen kankana, inda yake lafiya ƙarar a tsaye take, inda faiba ya rabu ko ya sha ruwa zaka ji ta a dushe. Ka leƙa ƙasa ko akwai ƙuraje, ka hau ciki ka taka ko'ina in kaji wuri na lotsawa katakon ƙarƙashi ya ruɓe. Sai babban wajen, allon baya. Yawancin waɗannan jiragen katako ne a tsakiyar faiban, in ruwa ya shiga ta ramin noti sai ya ci shi daga ciki ba a gani. Ka ɗaga injin sama ka kama ƙafarsa ka danna da ƙarfi, in allon ya motsa ko kaga tsaga a kusurwa ko wani jan ruwa na tsiyaya daga noti, ɗan uwa ka yi sallama ka tafi, gyaran nan sai an yanke bayan jirgin gaba ɗaya.

Yanzu inji, nan nake so ka ɓata lokaci. Ka ce ma mai shi kar ya tada kafin kazo, in ka iso ka cire murfi ka ɗora hannu, in da ɗumi an riga an tada shi don kar kaga wahalar tashinsa. Da ya tashi ka kalli ɗan ruwan da yake fitarwa ta baya, ya zama yana tsartuwa da ƙarfi, in ɗiga yake to famfon roban ciki ya gaji ko gishiri ya toshe hanya. Kuma gishirin Bahar Maliya ba na wasa bane, kusan giram 40 a kowace lita, sauran tekuna wajen 35, shi yasa injin da ba a wanke shi da ruwan daɗi bayan kowace fita yake tsufa tun awoyinsa basu yi yawa ba. Ka duba ƙarafan zinki da ke ƙafar injin, aikinsu su cinye a madadin injin, in sun ƙare ƙarƙaf ba a canza ba ka san irin riƙon da aka yi masa. Ka sa a kwance notin man giya na ƙasa a ɗiga kaɗan, in man ya yi fari-fari ruwa na shiga. Sannan dan Allah ka tafi da makaniken inji na ruwa, naka ba na mai sayarwa ba, ya auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin kowace silinda, bambancin silinda da silinda kar ya wuce kashi 10 cikin 100, in injin na zamani ne kuma ya jona kwamfuta ya karanto ainihin awoyinsa. Abinda zaka bashi bai kai kuɗin farfela ɗaya ba.

Tsakanin mai bugu biyu irinsu Yamaha Enduro da mai bugu huɗu, na farkon ya fi araha da sauƙin gyara amma yana shan mai da hayaƙi da ƙara, na biyun shiru ne da tattali sai dai tsada da nauyi. Ko wanne ne, Yamaha ko Suzuki ko Mercury, ka tabbatar kayan gyaransa na nan cikin gari. A ganina tsohon jiki mai ƙwari da inji mai lafiya ya fi sabon fenti da injin da ba a san tarihinsa ba nesa ba kusa ba.

Na biyar gwaji a ruwa, da rana bayan iska ta taso, da adadin mutanen da zaku riƙa fita da kular ƙanƙara da komai. A taka shi har ƙarshe na ɗan lokaci a ga ko zai yi zafi, in an dawo a cire toshiyar baya a ga yawan ruwan da zai fito.

Sai lissafi. Ka ɗauki jirage biyu ko uku da ka gani a shafin saye da sayarwa na Haraj ko wajen dillali, ƙarƙashin kowanne ka rubuta farashi, gyaran da makanike ya lissafo, kuɗin marsa, wato wurin ajiye jirage a bakin ruwa, na shekara ko tirelar ja in a gida zaka ajiye, sabis duk awa 100, da mai. Inji doki 100 in an taka shi duka yana shan wajen lita 37 a awa, a kan riyal 2.18 na fetur 91 kusan riyal 80 kenan, kaga doki 40 da doki 100 ba tafiyarsu ɗaya ba a aljihu. Ka ƙara da abinda babu a ciki wanda dole ka saya, rigar ceto ta kowane mutum, anga da igiya, tukunyar kashe gobara, fitilu, batir, na'urar GPS. Sau da yawa a nan mai arahar yake komawa mai tsada.

Tankin ma ka auna shi da tafiyarku, kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya a bar shi ko ta kwana, in bai kai haka ba jirgin ya yi muku kaɗan. Kuma kafin fitar farko kowa ya sa 994 a wayarsa, lambar Haras al-Hudud ce.