Kurakuran da mata ke yi da hulba

Duk mai cewa hulba ba ta yi mata komai ba, tambayata ɗaya ce: gari kika saya ko ƙwaya? Kusan kullum amsar gari ce, a ƙulle cikin leda, ba ta san wanda ya niƙa ba balle yaushe.

Nan ne babbar matsalar. Sinadarin da ake wa hulba kirari saboda shi, wato diyosjenin, a cikin ƙwayar ya fi yawa, kuma yawansa na bambanta da irin da aka shuka, ƙasar da aka noma, da ko an bari ta ƙosa kafin girbi. Ta Indiya daban, ta Masar daban. To ina ga garin da aka yi wa algus? Wani dillali ya taɓa kawo mini buhu guda shagona a Tudun Wada, launi gwanin kyau, ashe an cika shi da garin masara. Ga danshin daminar Kaduna ya shige shi, kafin Satumba ya dunƙule yana warin ruma. Jarina ya tafi, amanar masu saye ta kusa binsa. Ni yanzu ƙwaya nake saye, mai tauri, ruwan ɗorawa, wadda ƙamshinta ke dukan hanci. Ina niƙa wadda za ta isa sati biyu kawai, in zuba a kwalba mai murfi, nesa da rana da tururin murhu.

Na biyu shi ya fi ƙona mini rai: ninka awo. An ce ƙaramin cokali, ke kin ɗauko ludayi don kina sauri ki ciko kafin biki. Haba baiwar Allah! Jikin ɗan Adam ba ya mayar da diyosjenin ya zama homon ɗin mata, wato sinadarin da ke sa jikin mace ya ciko, a ɗakin haɗa magunguna ake wannan aikin. Abin da ludayin zai ba ki shi ne gudawa da kumburin ciki, ga kuma jiri don hulba na sauke suga. Mai shan maganin ciwon suga ko wafarin, wato maganin hana daskarewar jini, ta fara jin ta bakin likita. Mai ciki kuwa ta ajiye ta gaba ɗaya, kada surutun maƙwabciya ya jawo mata ɓari. Kuma jiki ba ɗaya ba ne: wata mai jego ta ga nono ya kawo, wata shiru, alhali kwalba ɗaya suka ɗiba.

Sauran ƙanana ne. Warin da ke fita a gumi ba shaidar ƙarfi ba ce, wani sinadari ne daban. Haɗa ta da kayan gyara goma lokaci guda, sai ki rasa wanne ya yi aiki, wanne ya ɓata miki ciki. Wadda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ta yi hattara, dangi ɗaya ne. Ta kwali ko ta kafso kuma, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a miƙa kuɗi.